Yadda Za Ka Haɗa Tsofaffin Kwamfutoci Shida Ka Birkita Bikin 'Yar Maƙwabcinka

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbacin kafin sati biyu duk unguwarku za ta san da kai. Na gwada su a kan aminina Ishaku, mai ɗaukar bidiyon biki a Bukuru kusa da Jos, cikin 2006, kuma har yau ana zancen.

1. Nemi mashawarci

Kada ka nemi wanda ya san aikin, zai kashe maka gwiwa. Nemi irina, wanda ya yi kwas ɗin wata biyu a Titin Bauchi ya fito da satifiket mai jan tambari. Ishaku ya kawo min kukansa cewa kwamfutarsa sai ta kwana biyu tana juyar da kaset ɗaya zuwa faifan CD. Na ce masa in an haɗa shida, kafin la'asar sun gama. A kafen intanet na karanta haka, sai dai lokacina ya ƙare kafin in kai shafi na biyu.

2. Sayi gwanjo

Je kasuwar Terminus ka zaɓi waɗanda ba sa shan wuta, yadda ƙaramin janareto zai ɗauke su duka. Emenike, wanda ya sayar mana, ya rantse daga wani ofis a Turai suka fito, ba a taɓa wahalar da su ba. In ka buɗe ka ga saƙar gizo-gizo a ciki, alamar sun samu hutu ne.

3. Shawo kan iyali

Za ka buƙaci wurin jera su, kuma babu kamar kantar kicin. Da Safara'u, matar Ishaku, ta ga tukwanenta a ƙasa, ta tambayi me akwatunan za su yi. Ya ce za su riƙa magana da juna ta waya. Ta ce madalla, tunda maigidan ya kwana uku bai ce wa kowa uffan ba, gara a samu masu hira a gidan.

4. Raba musu aiki

Yanka bidiyon gida shida, kowace ta ɗauki rabonta, in sun gama guda ta tattara ta ɗinke. Ishaku ya lura batirin agogonsu duk ya mutu, wata na nuna 1980, wata 1999. Na ce ya rabu da su, ai ba da su za mu duba lokacin salla ba. Daga baya na gano cewa mai ɗinkewar da kwanan wata take jera gutsattsarin.

5. Fara da aikin da ba a wasa da shi

Gwaji na matsorata ne. Maƙwabcin Ishaku, Baba Pwajok, tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo Loyis kuma ta yi aure mijinta ya tafi da ita Fatakwal. Ya gayyato dangi daga ƙauye, waɗanda ba su samu zuwa bikin ba, su zo kallon bidiyon da Ishaku ya ɗauka ranar Lahadi bayan coci.

Aikin la'asar ɗin ya ci kwana huɗu, don biyu daga cikin kwamfutocin sukan mutu in suka ji zafi. Faifan ya fito daidai lokacin da ake tashi daga coci. Ishaku ya so mu duba, na ce injin ba ya kuskure.

6. Zauna kusa da ƙofa

Falon ya cika, wasu a kan tabarma. Hoton farko, ga mutane suna kwashe kujeru, mota ta ja da amarya da ango, Baba Pwajok yana ɗaga hannu. Sai aka koma cin shinkafa. Sai yanka kek, sai wa'azin fasto, sannan sa zobe. Wata gwaggon amarya ta tambaya ko yanzu a birni sai an ƙoshi ake ɗaura aure. Aka bushe da dariya. Ishaku yana ta zufa cikin sanyin Jos. Ni kuwa na sunkuya ina ɗaure igiyar takalmi, alhali silifas ne a ƙafata.

A ƙarshen faifan sai ga Loyis cikin farar riga tana shigowa coci, riƙe da hannun mahaifinta.

7. Ja bakinka ka yi shiru

Da baƙi suka watse, Ishaku ya durƙusa yana ba da haƙuri. Ya ce kaset ɗin yana nan lafiya, zai sake aikin da tsohuwar kwamfutarsa guda ɗaya. Dattijon ya sa a mayar masa da ƙarshen, ya kalla har sau biyu, ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga.

“Sai ka sake yi wa dangi nasu daidai,” in ji shi. “Wannan ka bar min, ɗana. A nan tafiya ta fara yi, sannan ta dawo ta kama hannuna.”

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo bayan bin wannan shawara, babu hannuna babu ƙafata. Ban ce maƙwabcinka zai yi halin Baba Pwajok ba, kuma na ji ana cewa akwai masu ajiye sanda a bayan ƙofa. In naka irinsu ne, ba ka san ni ba, ban san ka ba.