Baturiya Mai Gyaran Algaita

Akwai wani a garin nan, ba zan kama suna ba, da ya kashe algaita da hannunsa, kuma har yau yana yawo ana ce masa mabushi.

Shekarar tamanin da bakwai ya sauka unguwar Dagenham a Landan da algaitar ubangidansa, da ɗan karan bakinta ƙwaya ɗaya tal. Karan nan shi ne ran algaita. Sai an jiƙa shi, an kankare da reza, sannan ta yi kuka. A gida, in karan bai kankaru ba, ubangidan ba ya ɓata bakinsa, sanda kawai yake bugawa a ƙasa.

Sai wani Alhaji Wahabu na unguwar Lewisham ya yi booking ɗinsa, ya zo ya yi busa a sunan 'yarsa ran Asabar.

Ran Laraba da hantsi gogan ya jiƙa kara a kofin shayi, ya cika kumatu, ya saki. Gidan benen ya ɗauka gaba ɗaya. Wata tsohuwar Baturiya da ke zaune a samansa ta dirka sanda: dum! dum! dum!

Ya ce, "Ikon Allah! Ashe nan ma akwai masana." Ya jawo reza.

Ya kankare, ya busa. Dum! dum!

"Na ji, Iya. Da saura."

Ran Alhamis ta sauko da kanta, tana dukan ƙofa, tana ambaton hukumar council da 'yan sanda. Ya girgiza kai ya ce, "Matar nan ta fi ubangidana tsanani. Har shaidu za ta kira." Ya ƙara kankarewa.

Ran Juma'a kara ya koma kamar ɓawon albasa. Ya busa, fuuu, iska zalla. Ya kasa kunne sama. Shiru. Ya sake. Shiru.

"Alhamdu lillahi! Ta yarda."

Ran Asabar falon Alhaji ya cika maƙil. Gogan ya tsaya tsakiya, kumatu kamar ƙwarya, jijiyar wuya a miƙe, gumi na tsiyaya. Minti goma cur, jaririya ko juyi ba ta yi ba.

Alhaji ya ce, "Malam, algaita na kira ka ka busa, ko shayi za ka hura mana?"

Ya zare algaita daga baki, ya dubi Alhaji sama da ƙasa.

"Alhaji, kwana uku Baturiya ta yi tana gyara karan nan. Wanda ya fi Baturiya kunne a ɗakin nan, ya tashi ya buga sanda."