Kyamarar da Ba Ta San Manya Ba

Jama'a, jiya wuni na yi ina yi wa kyamara fifita da hulata. Ni da girmana da furfurata, rana na soya mini ƙeya, ina lallashin ƙarfe da roba kamar jinjiri mai zazzaɓi. Wanda ya ja mini wannan abin kunya ƙanin matata ne, mai ɗaukar hoto, wanda unguwa ta laƙaba wa Tsaya-Haka saboda abin da yake faɗa wa duk wanda ya shiga shagonsa ke nan.

Shagon nan dai numfashi kawai ya rage masa. Tun da kowa ya riƙe waya a hannu, ba mai leƙowa sai masu hoton fasfo, labulen bango mai zanen lambu duk ya koɗe, ga matarsa da tsohon ciki. Ana haka sai labari ya zo cewa ofishin Mai Girma Mai Yanka Kirtani, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, yana neman mai hoto na dindindin. Gwajin shi ne bikin buɗe famfon unguwarmu. In hoto ya yi kyau ya sami aiki, in bai yi ba ya rufe shago, don ya riga ya gaya wa yayarsa ba zai ƙara wata guda a haka ba.

Wani abokinsa mai sayar da kayan hoto ya ba shi aron kyamara biyu, ya gwada ya zaɓi wadda zai saya. Dukansu irin na yanzu ne da ake ce wa marasa madubi. Yadda ya yi mini bayani, tsofaffin suna da ɗan madubi a ciki mai ɗagawa in an latsa, waɗannan kuwa an cire shi, abin da ka gani a allo shi zai fito. Ta farko siririya ce, na sa mata suna 'Yar Gayu. Hotonta tar, har gashin hanci sai ka ƙirga, kuma da kanta take laluben idon mutum ta kama. Aibinta shan batir, kuma in ta ji rana sai ta yi fushi ta mutu. Ta biyu ƙatuwa ce mai nauyi, na ce wannan Jaki ce. Launinta bai kai na waccan ba, amma ko zafi ko yayyafi ko faɗuwa, ba ruwanta.

Na ba shi shawara ya riƙe Jaki, domin a taron manya haƙuri ake buƙata kafin kyau. Ya ce ni me na sani, ofis kyau yake nema. Muka rabu a kan shi ya riƙe 'Yar Gayu, ni a rataya mini Jaki a wuya, in latsa duk abin da na gani.

An ce da safe za a fara. Da safe kuwa muka je, muka tarar an shafe tankin famfon da sabon fenti har yana ɗiga, an jera kujerun roba, rumfa ta manya ce kaɗai. Rana ta take, Mai Girma shiru. Duk motar da ta gifta sai Tsaya-Haka ya kunna kyamara ya gyara tsayuwa, har 'Yar Gayu ta gaji, ta nuna jar alama ta ɗauke wuta. Na ga yaron nan ya yi zuru-zuru, leɓensa ya bushe, wallahi sai da ya ba ni tausayi. Abin da ya sa na cire hula ke nan.

Ina cikin fifita sai na ga motar ruwa ta lallaɓo ta bayan katanga, aka zura tiyo zuwa cikin tanki. Wani maƙwabcina mai gyaran takalma ya raɗa mini cewa rijiyar da aka haƙa wa famfon ba ta kai ruwa ba, tun a rabin hanya mai kwangila ya naɗe kayansa. Na ce masa ya daina hassada, wannan ai ci gaba ne, a da mu ke bin ruwa, yanzu ruwa ne yake zuwa da direbansa.

Sai da inuwa ta miƙe jiniya ta kaure. Mai Girma ya sauko yana ƙamshi, ya yi jawabi cewa daga yau ƙishirwa ta zama tarihi, aka tafa. Allah ya taimaka 'Yar Gayu ta farfaɗo daidai lokacin da ya ɗora hannu a kan famfo. Ruwa ya zubo, ya wanke yatsunsa, ya yi murmushi. Tsaya-Haka yana latsawa, ni ma ina latsawa. Kafin ƙurar motocinsu ta kwanta motar ruwa ta naɗe tiyonta ta bi su, famfo ya yi tari ya yi shiru.

Yau da safe muka kai hotuna wurin Babban Mai Kula da Kwarjinin Mai Girma. Ya buɗe na 'Yar Gayu, sai fuskarsa ta canza. Ashe da take laluben ido, ba na Mai Girma ta kama ba. Wata tsohuwa ce da ta kutso kusa da bokitinta, 'yan sanda na tura ta baya. Ita ta fito tar, kowane tamoji a fuskarta, da busasshen gindin bokitin, da yadda take kallon ruwan da ke zuba a ƙasa. Mai Girma kuwa ya zama wani farin hazo a gefe, sai haƙora. Ban taɓa ganin hoto mai kyau irin wannan ba, kuma na san a take cewa yaron nan ya rasa aiki.

Aka buɗe na Jaki. Ita ba ta zaɓi kowa ba, kowa ta ɗauka daidai wa daida: ga Mai Girma, ga famfo, ga tiyo ya hauro katanga, ga direban motar ruwa yana hamma.

Babban Mai Kula ya ture su gefe. "Malam, ɗaya ba ta san manya ba, ɗaya ba ta da sirri. Ba ka da wadda take ɗaukar abin da aka faɗa a jawabi?"

Tsaya-Haka ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, abin da ke wurin suke ɗauka."

Aka ce to za a neme shi. Kafin mu kai ƙofa har an kira wani ɗan ɗan'uwan Babban Mai Kula, gwanin kwamfuta, wanda ko wurin bikin bai je ba. Da rana hoto ya fito a shafin ofis na intanet: Mai Girma ya yi ƙuruciya, ruwa na feshi kamar an fasa madatsa, yara na tsalle a ciki, yaran da ba wanda ya taɓa gani a unguwarmu.

Tsaya-Haka ya mayar da kyamarorin duka biyu. Da yamma na taya shi kwance labulen lambu muka naɗe, ya sa wa shago kwaɗo, gobe zai fara haya da babur ɗin wani. Ni kam raina a ɓace yake.

Masu tambayata wace ce ta fi tsakanin kyamarorin nan, duka biyun lafiyarsu ƙalau, ku saya in dai ba aikin ofis kuke nema ba. Mai son ganin ruwan unguwarmu kuma ya duba waya, yana nan yana zuba har yanzu. Sai dai kada ya wahalar da kansa ɗauko bokiti.