Shukar da Na Tuge a Barandar Alhaji Isuhu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ceci Alhaji Isuhu daga gidan yari ba, ceton da babu wanda ya roƙe ni.

Na je birnin Guangzhou sarin takalma karo na farko a shekarar da ƙasar ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik. Alhaji Isuhu, wani dattijo mutumin Maraɗi, abokin mahaifina, shi ya sauke ni a gidansa. A lokacin 'yan sanda na yawan duba takardun baƙi, kowa a ɗarare yake.

Kwanana biyu na fita baranda shanya, sai na ga shuka huɗu cikin bokitan fenti. Ganyen mai yatsu ne sirara, bakinsu kamar zarto. Wiwi! A gidan mutumin da ke tashina sallar asuba! (Ku sani na yi shekara biyu ina karatun lauya kafin jarrabawa ta koro ni kasuwa, don haka ina ji da kaina.)

Muna cin abinci na ɗauko zancen ta nesa. "Baba, a ganinka doka ta ba manomi damar shuka duk abin da ya ga dama?"

"In gonarshi ce, mi zai hana?" in ji shi.

Na gyara zama na zuba masa lacca. Haƙƙin noma daban, haramtacciyar shuka daban, ko irin da aka ce ana nomawa don igiya da tufafi sai hukuma ta ba da izini. Ya yi ta gyaɗa kai yana cewa, "Allah shi ƙara sani." Na ce a raina, lallai tsohon nan ya iya basarwa.

Washegari yana fita kasuwar Zhanxi Lu na tuge su duka, na kakkarya, na cusa a leda. Da ya dawo da la'asar na miƙa masa, na yi ƙasa da murya. "Baba, asirinka a rufe yake. Amma ka ji tsoron Allah."

Ya buɗe ledar, ya daɗe yana kallo. "Ɗana, ba ka taɓa cin rama ba?"

Rama! Ni da na girma da kwaɗonta, amma a kwano kawai na san ta, dafaffiya. Ɗan birni ne ni, ban taɓa ganinta tsaye a ƙasa ba. Kunya kamar in nutse.

"Irin na Hajiyata ne, Allah shi jiƙanta," ya ce a hankali. "Bayan ɗakinta take shukawa. Ƙullin ƙarshe ke nan, ina jira su yi 'ya'ya in samu wani irin."

Ban san sanda na durƙusa ba. Ya tashi ya tsinke ganyen ya dafa, ya daka ƙuli-ƙuli da barkono, ya ajiye kwanon a tsakaninmu.

"Ci. Wata uku ina kallonta, na kasa tsinkar ko ganye guda. In ba don kai ba, da ban sake ɗanɗana ramar Hajiya ba."

Muka ci, shi yana murmushi idonsa jawur. Na so a ce zagina ya yi, da ya fi min sauƙi.

Tun daga ranar, kafin in karanta wa kowa doka, sai na fara da tambayar da ba a koya min a makaranta ba: "Baba, wannan mene ne?"