Ranar Da Na Rushe Rundunar Sojan Sama A Wajen Kai Lefe

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka kai lefen Sadiƙu, ɗan ƙanena, unguwar Gwallameji. Ni ce babbar gwaggo, ni aka ɗora a gaba saboda bakina ba ya mutuwa.

A satin ne na ci muhawara a makarantar manya (da jikoki na shiga aji, kowa ya sani). Malam ya ba mu batu: a bar sojan sama da rundunarsu, ko a haɗe su da na ƙasa? Ɓangaren haɗewa ya faɗo mini, na yi kaca-kaca da abokiyar karawata. Tun daga nan ko mai keke bai tsira daga jawabina ba.

Muna zaune a falo, dangin amarya suna ɗaga atamfofi ana guɗa, sai wani jirgin sojan sama ya wuce da rugugi. Wata tsohuwa ta ce, "Allah ya tsare su." Da na ce amin na yi shiru, da an rabu lafiya. Ina!

"Amin, Iya," na ce, "amma tsakani da Allah, gida ɗaya a ɗora tukunya biyu? Barikinsu daban, shugabansu daban, kakinsu daban. Jirgin nan in ya gama shawagi ba ƙasa yake sauka ba? A miƙa su ga sojan ƙasa kowa ya huta!"

Ƙanwata Ladi tana ta mintsinina. Na ɗauka ƙarfafa ni take yi, na ƙara murya. Sai da guɗa ta mutu, uwar amarya ta rufe akwati a hankali, sannan na bi idon Ladi zuwa bango. Ƙaton hoto ne, mutum cikin shuɗin kaki, da fikafikai a ƙirji. (Tun shigowa na gan shi, na zaci maigadin banki ne.)

Uban amarya ne, sojan sama. Ga shi kuma a bayan labule yana gyaran murya.

Sadiƙu ya daɗe yana jiran wannan aure, ga gwaggonsa za ta mayar masa da akwatuna gida.

"Hajiya," in ji dattijon daga ciki, "ke da maigidanki gida ɗaya kuke, ko?"

"Ƙwarai, ranka ya daɗe."

"Za ki bar masa muciya ya tuƙa miki tuwon suna?"

"Wa? Shi? Ai sai ya kashe baƙi!"

"To, haka sama take. Wanda bai san ta ba, kada ya riƙe mata muciya."

Falo ya ɗauki dariya, ni kuwa na ja mayafi har hanci. Sai ya ce wa danginsa, "Ku karɓi kaya. Gidan da ke da gwaggo irin wannan, babu mai taka 'yata."

An ɗaura aure, har an haihu. Dattijon kuma Kwamanda yake kirana har gobe, ko a wajen gaisuwar mutuwa. Ra'ayina bai gama sauyawa ba, ban ɓoye muku ba. Amma yanzu duk gidan da na shiga, bango nake fara gaisarwa kafin masu gida.