Ranar da Kwamanda ya haihu

Ba zan taɓa mantawa da safiyar nan ba.

Tanti Hadiza, ƙanwar mamana da nake zaune wurinta a unguwar Lazaret tun da na gama karatun lakwal, ta tafi Maradi suna. Abu guda ta bar mani amana: Kwamanda, muzurun da ta sayo watannin baya. (Mai sayarwar har rantsuwa ya yi mata cewa namiji ne, ni kuwa wace ce da zan yi musu?) Tana shiga mota tana cewa, "Ɗiyata, in wani abu ya same shi, kar ki bari in iske ki."

Kwana biyu sai ga Kwamanda ya ƙi cin kifi. Kwamanda da kifi! Yana zagaye ɗaki, yana wani kuka mai tsinka zuciya, yana tonon zannuwan Tanti, ciki ya yi tauri kamar tulu. Nan take na yanke hukunci: maganin ɓera ya ci. Na ɗauko farasitamol, tunda a gidanmu shi ne maganin komai, na daka na dama da ruwa. Na kai cokali bakinsa, ya kai mani yakushi, magani ya zube ƙasa. Na naɗe shi a zane na tare taksi, ina kuka ina salati har asibitin dabbobi.

Wurin cike yake. Ga wani Alhaji da ragonsa, ga mai kare, ga wata tsohuwa da aku cikin keji. Ban yi sallama ba, ban bi layi ba, na faɗa ciki takalmi ƙafa ɗaya ina ihu, "Lokotoro! An ba shi guba, zai mutu!"

Likitar mace ce, mai sanyin hali. Ta shafa cikin a hankali, ta ce, "Me kika ba shi?"

Na ce, "Farasitamol na so in ba shi, ya zubar."

Fuskarta ta canza. "Ki gode wa Allah. Wannan magani guba ne ga kyanwa. Da ya shiga bakinta, gawa za ki kawo mani."

"Bakin...ta?"

Ta ɗaga wutsiyar, ta dube ni. "Madmazel, Kwamandan naki naƙuda take yi."

Ƙofa a buɗe take, kowa ya ji. Alhaji mai rago ya ɗaga murya, "To, Allah ya sauki Kwamanda lafiya!" Tsohuwar ta ce, "Ɗiyata, barka za mu fara ko gaisuwar soja?" Wurin ya kece da dariya, har akun ya taya su. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Amma abin da ya biyo baya ya shafe kunyar. Ɗan kyanwa na farko ya fito, jiƙe, bai kai tafin hannuna ba, uwar ta hau lasarsa kamar an koya mata. Na biyu ma haka. Na ukun ya fito shiru, ba motsi. Likitar ta ɗauke shi cikin tawul, ta share masa hanci, tana murza bayansa da yatsu biyu, tana murzawa, tana murzawa. Dariya ta ɗauke, har Alhajin ya leƙo yana jan carbi. Can sai muka ji ɗan kuka siriri kamar na tsako. Ban taɓa ganin rai ya shiga abu a gaban idona ba. Subhanallahi! Ni da cokalina na kusa kashe rai huɗu, ina ganin taimako nake.

Da na kira Tanti na gaya mata, sai ta ce, "To ni ma rana ita yau akwai suna a gidana ke nan."

Darasi dai na ɗauka: maganin mutum na mutum ne, dabba tana da nata likita. Kuma kafin a ba kyanwa muƙamin soja, a daure a ɗaga wutsiya.