Kalangu a Majami'a

Da Mompe, limamin majami'armu ta Ƙonni, ya yarda matasa su shigo da kiɗan gida cikin addu'ar Lahadi, ni aka ba jagoranci, tunda na karance littattafan waƙa kaf. Mai ilimi irina kuwa ba ya tambayar kowa. Na ji wani kiɗan kalangu mai daɗi a kasuwa, na koya wa makaɗanmu shi tsaf.

Muna tsakiyar yabo sai ga matan unguwa a bakin ƙofa da kwanoni. Ashe da kiɗan nan mahauta ke shelar an yanka bijimi.

Wata tsohuwa ta leƙo. "Ɗana, a aje mani hanta!"

Mompe ya kulle kalangun a buronsa, wato ofishinsa. Har yau gaisuwar da yake mani ɗaya ce: "Sarkin Fawa, akwai tozo?"