Yadda Na Rufe wa Motar Abu Fahad Baki

Ko da zan manta komai na zamana a Riyadh, ba zan taɓa mantawa da yammacin bikin Fahad ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da kuwa ni kaɗai ne a ɗaki.

Ni direban gida ne. Kafilina, wato mutumin da ya ɗauko ni aiki kuma iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ke ƙarƙashin sunansa, wani dattijo ne da ake kira Abu Fahad. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya faɗa, amma ba ya maimaita magana. Aikina kai yara makaranta, kai uwargida kasuwar Utaiƙa sayen dabino da kayan miya, sai wankin motoci. A gidan sunana Muhammad (ba shi aka raɗa mini ba, amma a nan kowane direba Muhammad ne, na daɗe da daina gyara musu).

A ƙuryar gareji akwai wata tsohuwar motar Amurka, baƙa wuluk, mai ƙofa biyu, bonet ɗinta kaɗai ya kai tsawon gado. Ta marigayi mahaifin Abu Fahad ce. Tun da na zo gidan ban taɓa ganin ta motsa ba, injinta ya buga tun kafin zuwana. Ni dai goge ta nake yi duk Juma'a, ina mamakin masu kuɗi da son ajiye tarkace.

Da aka sa ranar auren babban ɗansa Fahad, sai Abu Fahad ya kira ni garejin ya dafa motar. "Ya Muhammad, a cikin wannan nake so ango ya shiga wurin biki. Sau biyu ana cutata, a kawo mini inji an wanke shi an shafa masa fenti, ciki kuwa ruɓaɓɓe. Yanzu hidima ta yi mini yawa, ba ni da lokacin yawo. Ka san wani mai amana?"

Mai hankali zai ce bari in bincika. Ni kuwa sai na dafa ƙirji na ce, "Abshir, ya ammi!" wato ka ɗauka an gama, baffa. Har na ƙara da cewa kusa da Panteka na tashi a Kaduna, inda ake farke mota a mayar da ita kafin mai ita ya gama cin abinci, kuma na yi shekaru ina jan bas tsakanin Kaduna da Zariya. Duk gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba shi ne dalilin rawar jikina. An fara raɗe-raɗin za a rage direba ɗaya a gidan, mu biyu ne, kuma ɗayan ya fi ni Larabci ya fi ni iya murmushi. Iƙamata ta kusa ƙarewa. Na ga in motar nan ta tashi a hannuna, to ni ba mai tafiya gida ba ne.

Bari in gaya muku abin da na sani game da inji, don ku ga inda na zurma. A wurinmu direbobin haya, inji na kirki shi ne wanda ba ya shan mai, ba ya surutu, kuma ko a wane ƙauye ya lalace za ka samu kayansa a shagon farko. Mota ta fara ruri, to salansa ya fashe, ko kuma tana shirin ajiye ka a daji. Kuma ba abin kunya ba ne a ciro injin wata mota a dasa wa wata. Na ga motar Jamus da injin Japan, na ga ta Faransa da giyar da ba wanda ya san asalinta, duk suna kai fasinja gida lafiya.

Da wannan ilimi na nufi tashlih, filin da ake farke motocin da suka yi hatsari ana sayar da kayansu, can kudancin gari. Akwai Malam Illa a wurin, mutumin Maraɗi, wanda muke haɗuwa da shi cin tuwo a unguwar Batha ranar Juma'a. Kowa ya shaide shi, in abu ba shi da kyau zai gaya maka ko da cinikin zai wuce shi. Na nuna masa hoton motar a waya.

Ya daɗe yana kallo. "Wagga mota injin silinda takwas ta ka so. Akwai guda biyu a hilin nan, amma ban rantse maka bisa ko ɗaya. In na ƙwarai kake so, sai mu aika a nemo, ka yi haƙuri."

"Zai iso kafin biki?"

"Ban ce ba."

Ina cikin tunani sai idona ya faɗa kan wani ɗan inji a gefe, tsaf da shi, ko ɗigon baƙin mai babu. Na Japan. Zuciyata ta yi fari.

"Wancan fa?"

"Wancan kam ina rantsuwa bisa nai. Motar sabuwa ce, ta baya anka buge ta. Amma ba irin nata ba ne."

"Zai shiga?"

"Shiga? Har kai ma ka iya shiga ku zamna tare." Ya yi dariya, sannan ya gyara fuska. "Ka dai tambayi mai ita, ɗan'uwa."

"Malam Illa, amana aka ce in nemo, ga amana a gabana. Me kuma zan tambaya?"

Bakaniken da na kai wa aikin a Sana'iyya, unguwar garejoji, sai da ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na ce ya yi aikinsa kawai. Aka yi walda, aka sauya giya, aka dasa inji. Ina tsaye kuma na hango wasu bututun hayaƙi biyu a bayan motar, faɗinsu kamar bakin tulu. Na ce wannan ai shi ne rashin tarbiyya, a cire, a sa mata salansa mai hankali. (Ku lura, ba wanda ya sa ni. Wannan ƙarin alheri ne daga gare ni.)

Ranar da na gwada ta, wallahi sai da ƙwalla ta taru mini don jin daɗi. Tana tafiya sumul, ba ka jin komai sai iskar taga. Abu Fahad ya bugo waya daga tsakiyar hidimarsa ya ce, "Makina zain?" wato inji lafiya? Na ce zain ƙwarai. Ya ce in kawo ya gani, na ce ya bari sai ranar, ana kan goge ta. So nake in ba shi mamaki. Na kuwa ba shi.

Bikin a wata istiraha aka yi, irin gidajen shaƙatawa na bayan gari da ake haya don taro. Bayan la'asar aka sauke motar a bakin ƙofa daga bayan motar ɗaukar motoci, tana sheƙi. Maza suka fito suka kewaye ta, hayaƙin turaren wuta na tashi, ana zuba gahawa. Abokan ango suka ɗaga wayoyi. Na ga dattawa suna jan jikokinsu baya, na ga wani ya toshe kunnuwansa da yatsu yana murmushi. A raina na ce bayin Allah, sun saba da tsohon injin mai ciwo, yau za su ga aiki. Na gyara tsayuwa a inda kowa zai gan ni.

Fahad ya fito cikin alkyabbarsa ya shiga ya murɗa makulli.

Shiru.

"Shaggil, ya aris!" abokansa suka yi ihu, wai ango ya tayar.

Ya leƙo ta taga ya ce ai ya tayar. Ya taka totur, sai wani ɗan siririn sauti ya fito kamar na keken ɗinki. Wani baffansa ya sunkuya ya kara kunne a jikin bonet.

A nan ne Allah ya ba ni damar sulalewa, ban ɗauka ba. Na ɗauka shirun mamaki ne. Na ratsa mutane na shiga tsakiya, na ɗaga bonet da hannuna, na juyo ina washe baki. Ga ɗan injina can tsakiya, fili ta gabas fili ta yamma, kamar butar shayi a tsakar gida. Da guntun Larabcina na fara jawabi. Na ce Japan ne. Na ce ba hayaƙi, ba ƙara. Sannan na kawo babbar hujjata, na ɗaga yatsa sama na ce ba ya shan mai ko kaɗan. (Ni, ɗan Kaduna, ina yi wa mutanen Saudiyya wa'azin tattalin fetur a cikin ƙasarsu.)

Baffan nan ne ya fara. Dariya ta kama shi har baƙar igiyar da ke riƙe da ƙyallen kansa ta faɗo ƙasa. Daga nan wuri ya kece. Wayoyin da ke kallon mota suka juyo kaina. Wani ya tambaya ko ragowar injin gobe zai iso. Wani ya ce a kawo ragon walima a ajiye a filin da ya rage. Ango ya kifa kansa a kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa, har yau ban san dariya yake ko kuka ba. Ni kuwa ina tsaye riƙe da bonet, murmushin ya bushe a fuskata, na rasa yadda zan sauke shi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Abu Fahad ya tako a hankali ya karɓi bonet ɗin daga hannuna ya rufe, ya yi wa ɗansa alama ya shiga da ita. Motar ta silale ciki ba ko tari. Ni na zagaya bayan tukwanen shinkafa na zauna wurin masu dafa abinci, ko loma ban iya kaiwa baki ba.

Washegari ya aiko a kira ni gareji. A raina na riga na gama haɗa jaka. Na same shi tsaye kusa da motar.

"Ya Muhammad, kana ganin na rasa motar da za ta kai Fahad ne? Lokacin ina yaro, tun babana yana kwanar layinmu muke jin wannan motar. Mahaifiyata ta ɗora gahawa, mu kuma mu ruga ƙofa. So na yi a ji shi a bikin jikansa."

Dariyar jiya gaba ɗaya ba ta yi mini zafin wannan maganar ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ji tausayinsa kuma. Na sunkuyar da kai na ce, "Ya ammi, ban tambaya ba."

"Ni ma ban faɗa ba. Na ɗauka kowa ya sani." Ya juyo ya dube ni. "Wanda ya sayar maka, ya gaya maka ba irin nata ba ne?"

"Ya faɗa."

"To shi ne mai amanar da nake nema. Koma wurinsa. Kai ka rufe mata baki, kai za ka buɗe."

Malam Illa bai ce ai na gaya maka ba. Wayarsa kawai ya miƙo mini, ga ni a ciki da yatsa a sama ina maganar fetur. Bidiyon ya riga ni isa tashlih. Wannan karon na zauna na jira kamar mutumin kirki, aka yi watanni kafin ya samo mai silinda takwas ɗin da zai iya rantsewa a kai. Bututun hayaƙin ma sai da na koma Sana'iyya na lallashi bakanike ya tono mini su a cikin tarkace.

Ranar da aka dawo da ita gida, Abu Fahad ya miƙo mini makulli. Na murɗa. Wallahi na ɗauka wani abu ne ya fashe, saura kaɗan in buɗe ƙofa in gudu. Gareji ya ɗauki rawa, motar maƙwabci ta fara kuka a waje. Na ɗago na ga dattijon ya dafa rufin motar, idonsa a rufe, hawaye na gangarowa cikin gemunsa.

"Ƙara," ya ce.

Na taka. Kunnuwana na ciwo, zuciyata na lissafin man da ke zuba, amma na taka har sai da ya ce ya isa. A satin aka sabunta mini iƙama.

Abin da na koya shi ne, kafin ka gyara wa mutum kayansa, ka tambaye shi wane ɓangare ne lalacewar. Kuma na riƙe darasin fiye da kima. Kwanan baya uwargida ta ce ƙofar falo tana ƙara. Na zo da gwangwanin mai a hannu, na tsaya a bakin ƙofar na ce, "A kashe ƙarar, ko ta wani ce?"